Ko Tagar Jirgi Sai an Saya

Ƙanena,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Umma da sauran 'yan gida. Na ga saƙonka cewa biza ta fito, Allah ya sanya alheri. Tunda ka tambaye ni kujerar da za ka zaɓa a jirgi, bari in ba ka labari kafin ka faɗa ramin da na faɗa.

Ka san tashar mota ta Bauchi Road a Jos, inda mai son gidan gaba yake ƙara ɗan wani abu? To, ƙananan jiragen Turai masu araha sun fi 'yan kamasho iya wannan sana'a. Tikiti daban, jaka daban, kujera daban, ko ruwan sha sai ka zaro kati. Kwanakin baya na tafi Sifen, na biya kuɗin kujerar taga takanas don in ga tsaunukan da ke tsakaninta da Faransa. Ina zama sai na ga bango ne sumul a gefena, ko ƴar kafar leƙe babu. Ma'aikaciyar ta yi murmushi ta ce ta nan bututun iskar sanyaya jirgi ya bi. Haka na yi tafiyar ina kallon ƙeyar wani Bature. A tasha kana ganin kujera da idonka kafin ka biya, idan an cuce ka akwai wanda za ka riƙe wa riga. A nan kuwa zane ne kawai a waya, sai ka karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa.

Naka babban jirgi ne, daga Abuja zuwa Landan wajen awa 6. Yawancinsu sukan bar mutum ya zaɓi kujera kyauta idan an buɗe rajistar shiga ta intanet, awa 24 kafin tashi, saboda haka kada ka yi barci a kai. Ka guji layukan tsakiya, fiffike ne zai tare maka komai.

Idan na safe ne, arewa za ku nufa, rana tana gabas, wato hannun dama. Ka ɗauki harafin A, ɓangaren hagu, ba za ta kashe maka ido ba. Daga nan ne za ka ga Sahara sosai: rairayi ja da ruwan ƙasa kamar an shanya tabarmi, busassun koramu sun yi jijiya-jijiya, sai baƙaƙen duwatsu can wajen Aljeriya. Ka yi ta tafiya babu gari ko ɗaya, kwatsam sai shuɗin Bahar Rum. Masu dama su ma suna da rabonsu. Jirgi yana sauka ne yana fuskantar iska, iskar Landan kuma galibi daga yamma take, don haka yawanci ta gabas ake shigowa filin jirgin Hitiro, su ga Kogin Tems da tsakiyar birni. Amma ni dai hagu zan ce maka, domin hadarin garin nan ba ya da alkawari.

Ranar dawowa, idan na dare ne, manta da taga. Ka zauna bakin hanya, ka miƙe ƙafa, ka tashi alwala ba tare da ka tashi kowa ba.

Wallahi duk abin da na gani, babu wanda ya taɓa min zuciya kamar saukar da na yi a Heipang, filin jirgin Jos, da damina, kududdufan haƙar kuza suna ƙyalli a tsakanin koren ciyawa da duwatsu, kuma ko sisi ban ƙara ba.

Kada ka ɗauko kilishi, ba a shigowa da nama, za su ƙwace. Ka ce wa Umma ta ƙullo min yaji.

Yayanka.