Taswirar eksire ko ma'aunin nauyi: wanne ke tabbatar da baƙon ɗauri a furotin?

'Yar'uwarmu mai digiri na biyu a Samaru ta ce ta sauko da tsarin wani furotin daga PDB, rumbun tsare-tsaren furotin na intanet, ta tarar amino asid biyu, laisin da sistein, sun kusa haɗuwa, abin da bai yi kama da ɗaurin salfa biyu da muka saba ba. Tana tambaya: da taswirar eksire da na'urar auna nauyin ƙwayoyi, wanne za ta yarda da shi?

Malama, taswira wuri take nunawa. Tsakanin salfa biyu da suka ɗauru angistirom (ma'aunin tazarar zarrori) 2.05 ne, kabon da salfa kusan 1.8. Zarrori biyu da ba su ɗauru ba da wuya su matso ƙasa da 3, sai in haidirojin ne ya haɗa su. Matsalar ita ce manhajar gyaran tsari ba ta zaton ɗaurin da ba a sanar da ita ba, sai ta raba su da ƙarfi. Don haka kada ki tsaya kan sandunan da aka zana. Buɗe taswirar a manhajar Coot, ki duba ko koren dunƙule, alamar zarrar da ba a zana ba, ya rage a tsakani.

Irin wannan kallon ne ya fito da gadar NOS (naitirojin, oksijin, salfa) a 2021: ƙungiyar Kai Tittmann a Jamus ta ga zarrar oksijin guda zaune tsakanin laisin da sistein a wani enzayim na ƙwayar cutar sanyi. Da suka koma rumbun PDB sai ga ta a tsare-tsare da dama da aka ajiye tuntuni ba wanda ya lura. Naki ma yana iya zama ita. Amma fa in kaifin taswirar ya sauka zuwa angistirom 3, komai dusu-dusu ne, kuma hasken eksire kansa yana tsinka ɗaurin salfa.

Na'urar nauyi kuwa abin da ya fita take faɗa. Ɗaurin salfa biyu yana rage dalton (ma'aunin nauyin ƙwayoyi) 2. Laisin da asfarajin in sun ɗauru amoniya ce ke fita, 17. Da asfatet ruwa ne, 18. Kamar sikelin 'yan hatsi ne: zai ce buhu ya ragu, ba zai nuna inda ya huje ba, sai an yayyanka furotin ɗin da enzayim ɗin tirifsin an bi gutsattsarin. Ga tarko kuma: DTT, sinadarin kwance ɗaurin salfa da ake zubawa kafin awo, yana buɗe gadar NOS, ki nema ki rasa. Masu ƙarfi ne ke jure wa. Ɗaurin laisin da asfarajin da aka gano a gashin ƙwayar Streptococcus pyogenes a 2007, taswira ce ta nuna shi, nauyi ya gaskata.

Abin ba na ado ba ne. Enzayim ɗin KatG na ƙwayar tarin fuka, wanda ke kunna maganin isoniyazid da ma'aikatan cibiyar tarin fuka ta Saye suka sani sarai, yana ɗauke da amino asid uku a ɗaure: metayonin, tairosin da tiriftofan.

Ni dai na ce ki fara da taswira, tunda kwamfuta da data kawai take ci. A kundinki rubuta "ana zato", har sai kin samu inda za a auna miki samfur biyu, ɗaya da DTT ɗaya babu.