Hattara da Masu Cewa Baƙin Man Motarka Ya Yi Ƙasa

Assalamu alaikum jama'a. Duk mai mota, ko direban da ke jan ta wani, ya daure ya karanta wannan har ƙarshe. Wata cuta ce da ake yi wa mutum yana tsaye a wurin, idonsa biyu, ya biya kuɗi da hannunsa har ya haɗa da godiya. Ni an yi mini, kuma saura ƙiris a sauke injin motata alhali lafiyarsa ƙalau.

Ban fi mako biyu da yin juyen baƙin mai ba, na tsaya a wani wurin da ake sayar da mai da kayan mota don a ƙara mini iska a taya. Ina jira sai ga wani matashi da fara'arsa, ya ce, "Yallaɓai, buɗe bonet in duba maka mai da ruwa, kyauta ne." Na buɗe ina daga cikin mota. Ya zaro geji, wato siririn ƙarfen nan mai layi biyu da ake auna baƙin mai da shi, ya goge da tsumma, ya mayar, ya sake zarowa, ya kawo mini har gaban idona. Man ko layin ƙasa bai taɓa ba, ɗan jiƙa bakin ƙarfen kawai ya yi.

"Allah ya rufa maka asiri da ka tsaya nan," in ji shi. "Da ka ƙara tafiya kaɗan da injin nan ya buga."

Gabana ya faɗi. Na ce masa kwanan nan aka yi mini juye. Ko gezau bai yi ba, ya ce, "To ko dai wanda ya yi juyen ya ha'ince ka, ko kuma motar tana shan mai." Ya ɗauko robobi biyu na lita ɗai-ɗai ya juye su duka. Ya sake zura geji ya nuna mini, mai ya hau. Ban tsaya na duba inda ya tsaya da kyau ba, hankalina dai ya kwanta da na ga ƙarfen a jiƙe. Na biya, na sa masa albarka, na tafi.

Washegari motar ta fara nauyi, in taka totur sai ta yi kamar ana riƙe ta. Rana ta biyu na hango hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana bin bayana ta madubi, ga warin mai yana ƙonewa duk lokacin da na tsaya. Da safen rana ta uku na janye motar daga inda take kwana, sai ga tabon baƙin mai a ƙasa kamar faɗin tafin hannu, alhali shekara da shekaru ko ɗigo ba ta taɓa yi mini ba.

Ina za ka koma in ba wurin wanda ya fara gano maka matsala ba? Can na koma. Yaron ya haɗa ni da maigidansa, wani bakanike da ke gefen shagon. Ya leƙa ƙarƙashin mota, ya sa aka taka totur, ya kalli salansa, ya girgiza kai. "Ai yarona ya gaya maka tana shan mai. Ringi ya tafi, sil ɗin baya ya fashe. Wannan sai an sauke inji." Ringi dai zoben ƙarfe ne a cikin inji da ke hana baƙin mai hawa inda fetur ke ƙonewa, sil kuma zoben roba ne da ke hana mai yoyo. Ya faɗi kuɗin da na ji jiri na nema ya ɗebe ni, ya ƙara da cewa in na ba da rabi yau, gobe za a fara aiki. Ko kallon geji bai yi ba.

Abin da ya cece ni, bayan ikon Allah, shi ne ba ni da kuɗin a ranar. Na lallaɓa motar zuwa wurin wani dattijon bakanike da na daɗe da sani, don ya gaya mini ko akwai hanyar da ta fi sauƙi. Bai ce komai ba, ya sa na gyara mata tsayuwa a daidaitaccen wuri, na kashe, muka zauna kamar minti goma. Sannan ya tashi ya zaro geji, ya goge, ya tura shi har ya zauna daram, ya zaro. Mai ya wuce layin sama da fiye da faɗin yatsu biyu, ga ƙananan kumfa a jikin ƙarfen. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, wa ya ɗura maka wannan man haka?"

Ya kwance noti na ƙasa a hankali ya tsiyaye rarar a cikin galan mai layin awo. Sai da ya cire kusan lita 2 kafin mai ya dawo kan layinsa. Wato ranar da yaron nan ya ce injina ya bushe, cike yake taf, duk abin da ya zuba ƙari ne a kan cikakke.

Da yawanmu muna ɗauka cewa baƙin mai in ya yi yawa ba laifi, ƙaranci ne kawai abin tsoro. Da wannan tunanin ake cin mu, don haka bari in tsaya a nan kaɗan. Baƙin mai yana zaune ne a wata tukunya a ƙasan inji, wadda kanikawa ke kira botom filet. Daga nan famfo ke zuƙarsa ya tura shi duk inda ƙarfe ke gogar ƙarfe. Sama da tukunyar kaɗan karanshaf, wato babbar sandar ƙarfen inji, ke juyawa, kuma masu ƙera inji sun bar tazara tsakaninsa da man da gangan. In inji na juyi 3,000 a minti ɗaya, karanshaf na zagayawa sau 50 kenan a kowace daƙiƙa. Da zarar mai ya hau ya taɓa shi, sai ya riƙa dukansa yana kaɗa shi har ya yi kumfa. Kumfa kuwa rabinta iska ce. Famfo ya zuƙi iska ya tura wa metal, wato ƙarafan da karanshaf ke juyawa a kansu, ƙarfin man ya ragu, ƙarfe ya fara cin ƙarfe. Shi ya sa injin da mai ya yi wa yawa yana iya bugawa kamar wanda mai ya ƙare masa.

Yoyon kuma ga inda yake fitowa. Mai ya cika wurin da ya kamata iska ta samu sarari, ana ta watsa shi ko'ina, matsi ya ƙaru a cikin inji, dole ya nemi mafita. Inda ya fi rauni nan yake bi: sil na gaba da na bayan karanshaf, gasket (shimfiɗar da ke toshe mahaɗar ƙarafa biyu) na murfin sama, gasket na tukunyar ƙasa, har bakin geji. Wani kuma ya bi ta tiyon numfashin inji ya shiga hanyar iska, ya ƙone tare da fetur. Shi ne hayaƙin nan mai shuɗi, shi ke jiƙa fulogi mota ta riƙa shaƙewa, in ya daɗe ya lalata matatar hayaƙi da ke jikin salansa. Duk waɗannan alamu iri ɗaya ne da na injin da ringinsa ya mutu, kuma a nan ne macuci ke samun abin nuna maka. Sil ɗin baya shi kansa ba wani abin tsada ba ne, amma ba a kai wa gare shi sai an raba inji da giyabos, kuɗin aiki ya ninka kuɗin kayan sau da yawa. Masu motar dizal su ƙara kula, don injin dizal yana iya cin baƙin man da ya shigo masa ta hanyar iska kamar yadda yake cin dizal, ya riƙa gudu da kansa ko an zare makulli.

Na tambayi dattijon yadda aka yi geji ya nuna mini babu mai. Ya mayar da gejin a gabana, amma ya tsayar da shi kafin ya kai ƙarshe, ya tokare da ɗan yatsa, ya zaro. Ƙarfe a bushe. A yawancin motoci, tsakanin layin ƙasa da layin sama kusan lita 1 ce kacal, tsawon wurin kuma bai wuce gaɓar yatsa ba ko sama da haka kaɗan. In aka hana gejin shiga da wannan ɗan tsawon, cikakken inji sai ya zama kamar wanda ya ƙafe. Kai kana kan kujera, bonet ya tare maka gani, ba ka san me hannunsa ke yi ba. Akwai masu shafe bakin gejin da tsumma yayin zarowa. Akwai masu dubawa kana kashe mota nan take, lokacin da wani kaso na man bai gangaro ba, ko su sa ka tsaya a gangare.

Ban so in ɗora wa yaron laifi a kan zato ba, sai na koma bayan kwana biyu na tsaya nesa kaɗan ina kallo. Ba a jima ba wata mata ta tsaya a ƙara mata iska a taya, ya je mata da fara'ar nan da maganar nan. Da idona na ga ɗan yatsansa na hagu a bakin bututun geji, hannun gejin bai zauna ba. Yana kai mata ƙarfen na ƙarasa na ce, "Baiwar Allah, yi haƙuri, fito ki duba da kanki." Na nuna mata yadda za ta tura shi har ya zauna. Ta zaro, mai na nan daidai kan layin sama. Yaron ya ce wai kuskure ne, maigidansa ya taso yana faɗa cewa ina ɓata musu kasuwa. Matar dai ta rufe bonet ɗinta ta ja motarta. Na nemi a mayar mini da kuɗina, suka ce ba su san ni ba.

Gaskiya ba kowane mai cika inji ne ɓarawo ba. Akwai wanda jahilci ne ke ɗawainiya da shi: ka kawo galan mai lita 5, ya juye duka don kada a ce ya rage ya sace, alhali motar lita 4 take ci ko ƙasa da haka. Akwai mai gaggawa da ba ya barin tsohon mai ya gama tsiyaya, ya rufe noti ya zuba sabo a kan sauran. Niyyarsu daban ce, amma inji bai san niyya ba, ɓarnar ɗaya ce. Ƙananan motoci masu silinda 4 yawanci tsakanin lita 3.5 zuwa 5 suke ɗauka, kuma adadin na motarka yana rubuce a littafin da ya zo da ita. In littafin ya ɓata, sa sunan motar da shekararta da girman injinta a intanet, za ka samu. Riƙe wannan adadin a ka kamar lambar wayarka, ka faɗa wa mai juye kafin ya buɗe galan, abin da ya rage kuma ka karɓi kayanka ka sa a but.

Duba mai ba aikin bakanike ba ne, aikinka ne, kuma bai kai minti biyu ba. Mota ta tsaya a daidaitaccen wuri, inji a kashe na minti biyar zuwa goma, ko da safe kafin ka tayar. Zaro, goge, mayar har ka ji ya zauna, zaro ka riƙe shi a kwance ka duba fuska biyu. Matuƙar mai na tsakanin layukan nan biyu, ba ka buƙatar ko cokali. Ko da ya sauka layin ƙasa, abin da zai kai shi sama bai wuce kusan lita 1 ba, kuma rabi-rabi ake zubawa ana jira ana dubawa. Duk wanda ya ga mai a kan layin ƙasa ya ce sai lita 2, riƙe hannunsa. Wasu sababbin motoci ba su da geji, a allon gaban direba suke nuna awon, su ma sai a daidaitaccen wuri. In wani ya ce zai duba maka, fito ka tsaya a kansa ka kalli hannun gejin ya shige gaba ɗaya.

In kuwa an riga an cika maka, kada ka ci gaba da yawo da ita kana cewa zai ƙone ya ragu da kansa. Ɗan haurawa kaɗan sama da layi ba ya cika yin illa, amma in ya wuce da faɗin yatsa, ko ka ga kumfa a geji, ko hayaƙi ya fara, tsaya a rage. Ana iya tsiyaye shi ta notin ƙasa, ko a zuƙe shi da siririn tiyo ta bututun geji. Bayan nan a wanke jikin inji tas, a duba fulogi da hanyar iska, ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta duk dare na mako guda ka ga ko tana ɗiga da kuma daga ina. Kada ka yarda kowa ya taɓa noti ɗaya da sunan sauke inji kafin a yi wannan. Amma in babu wanda ya ƙara maka mai kuma ka ga yana hawa da kansa, wannan wata matsala ce daban: ko fetur ne ke gangarawa cikinsa, za ka ji warinsa, ko ruwan lagireto ne ke shiga, za ka ga man ya koma kalar madara-madara. Wannan kam a kai ta gyara da wuri.

Tawa motar, bayan an rage man hayaƙin ya ɗauke cikin kwana biyu, ƙarfinta ya dawo. Dattijon ya canza fulogi huɗu da filtar iska da mai ya jiƙa. Kwalin da na shimfiɗa ya nuna ɗigo a wuri ɗaya tak, ta gaba, muka bi sawu muka tarar sil ɗin gaban karanshaf ne ya saki, aka sa sabo a yini ɗaya. Sil ɗin baya da aka ce ya fashe a bushe yake, ringin da aka ce ya tafi kuma har yau shi ne a ciki, kuma tun daga lokacin ban ƙara mata mai ba tsakanin juye da juye.