Gargaɗi Ga Masu Sayen Ƙananan Kyamarorin Fim A Intanet

Jama'a, a yi hattara. Tun da matasa suka dawo da yayin ɗaukar hoto da fim, 'yan damfara suka samu sabuwar kasuwa a Facebook da Instagram. Abin da suke tallatawa shi ne ƙananan kyamarorin nan masu sarrafa kansu, irin su Olympus mju-II ta 1997 da Yashica T4 da Nikon L35AF ta 1983. Kayan gwanjo ne, kuma ba laifi ba ne sayar da gwanjo. Laifin yana cikin kalmar "an gwada, lafiyarta lau".

Ku tambayi yadda aka gwada. Yawanci batiri aka saka, gilashin ya fito, filasha ta haska, aka ɗauki bidiyon daƙiƙa kaɗan. Wannan ba gwaji ba ne. Kyamara tana iya yin duk wannan alhali injin da ke jan fim ya mutu, ko ta daina saita nisa, ko haske yana kutsawa ta gefen ƙofar baya yana ƙona hotuna. Ba za ka sani ba sai ka sayi fim mai tsada, ka ɗauki hoto 36 a wajen biki, ka kai wanki, a miƙo maka dusu-dusu. Kafin nan mutumin ya toshe lambarka.

Akwai kuma mai cewa "ban gwada ba, ba ni da batirinta". L35AF batirin AA guda biyu take ci, irin na tocila, wanda kowane mai tireda yana da shi. Mju-II da T4 kuwa CR123A ɗaya ne, ba a ko'ina ake samunsa ba, amma wanda ya sa wa kaya farashi mai nauyi haka ai bai kamata batiri ya gagare shi ba. Ni dai a wurina, ya gwada ne ya ga ba ta tashi.

Hotuna masu kyau da yake turowa wai da ita aka ɗauka, sau da yawa daga shafukan wasu ya kwaso su. Wasu ma kyamarar ba ta hannunsu sam, cinikin biri a sama ake yi. Sannan ga na roba masu suna kamar Olympia, da ake sa wa guntun ƙarfe a ciki don ka ji nauyi ka ɗauka ta kirki ce.

Abin da ya sa asarar take da ciwo: waɗannan ba irin kyamarorin ƙarfe na da ba ne da mai gyara zai kwance ya sa mai. Cikinsu ƙananan haƙoran roba ne da siririyar wayar lantarki mai lanƙwasa duk sanda gilashin ya shiga ya fita. In ta tsinke, kamfani ya daɗe da daina yin kayan gyaran, sai dai a yanka wata kyamarar a ciro.

Kafin ka tura ko sisi, ka ce mai sayarwar ya kira ka ta bidiyo kai tsaye. Ya buɗe gidan batiri ka ga babu tsatsa ko farin gari. Ya buɗe ƙofar baya, ya haska tocilar waya a kan gilashin ta gaba da ta baya don a ga ko akwai fumfuna ko hazo. In kyamarar tana da su, ya nuna 'yan ƙarafan cikin gidan fim da ke karanta alamar DX ta jikin gwangwanin fim, domin in sun lalace kyamara ba za ta gane ƙarfin fim ɗin ba. Ya saka tsohon fim, ya danna, ka ji ta ja, ta kuma naɗe shi baya. In ya ce ya taɓa wanke fim ɗin da ya ɗauka da ita, ya nuna fim ɗin kansa a hannu.

In ya fara "wallahi akwai wanda zai biya yanzu, tura rabi in ajiye maka", ka ce ya sayar wa wancan ɗin.