Gargaɗi Ga Masu Tsofaffin Motoci Kan Wani Man Birki Na Jabu

Ina rubuta wannan gargaɗi ne domin 'yan'uwa masu riƙe da tsofaffin motoci, musamman Peugeot 504 da muka fi kira Fijo, saboda wani mutum da ke zagaya garejin bakanikai yana sayar da wani mai da ya ce an yi shi musamman domin birkin tsohuwar mota. Ni kaina na faɗa hannunsa da Fijon da na gada daga mahaifina, kuma ina ganin yadda ya shawo kaina ya fi asarar da na yi cancantar a bayyana.

Man nasa ruwan shanshanbale ne, a cikin kwalba mai ɗauke da rubutun DOT 5 (DOT lamba ce da ke nuna ajin man birki). Ya ce mini: "Alhaji, man da kuke zubawa yana shan ruwa yana cinye muku birki da tsatsa, amma wannan ba ya haɗuwa da ruwa, ƙara shi kawai a kan na ciki, ba za ka sake canjawa ba." Sannan ya ɗiga shi a kofin ruwa, muka ga ya tsaya a sama bai narke ba.

Wayon nasa shi ne rabin maganar gaskiya ce. Man DOT 3 da DOT 4 da DOT 5.1 duk na sinadarin gilaikol ne, kuma suna jan danshi daga iska. Sabon DOT 4 ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 230 a ma'aunin Salsiyos, amma ƙa'idar DOT ta yarda ya sauka zuwa 155 idan ya sha ruwa, shi ya sa ake canja shi kusan duk shekara biyu. DOT 5 na ainihi kuwa na silikon ne, launinsa shanshanbale, ba ya shan ruwa kuma ba ya cin fenti, abin da ya sa wasu masu ajiye tsofaffin motoci a Amurka da Turai ke son sa. Sai dai ko na ainihin ba a zuba shi a kan gilaikol, domin ba sa gaurayuwa. Wanda zai koma kansa dole ne ya wanke bututun gaba ɗaya, yawanci ma ya sabunta robobi. Kamannin lambar 5 da 5.1 bai sa sun zama iri ɗaya ba.

Abin da ban lura da shi ba a lokacin shi ne gwajin kofin bai tabbatar da komai ba. Man haidirolik da bakin mai da man gyaɗa duk a saman ruwa suke tsayawa. Bayan 'yan makonni birkin ya fara riƙewa, ƙafafun gaba suna ɗaukar zafi ko a gajeriyar tafiya. Da bakanikena ya kwance masta, wato famfon da ke tura man birki zuwa ƙafafu, sai muka tarar robobin sun kumbura sun yi laushi, har sun toshe ƙaramar kafar da mai ke komawa ta cikinta idan an saki birki. Ya shinshina ragowar kwalbar ya ce man haidirolik ne aka rina. Robar birkin irin waɗannan motoci ba ta jure man da aka tace daga fetur ko kaɗan, don haka sai da muka canja robobin masta da na ƙafafu huɗu da tiyo-tiyon roba, kuma samun masu inganci na wannan mota a yau ba ƙaramin aiki ba ne.

Akwai motocin da man ma'adini, wato irin wannan da aka tace daga fetur, shi ne nasu, kamar tsofaffin Citroën da suka koma amfani da koren mai LHM tun 1966, waɗanda su kuma gilaikol ne ke lalata su. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa duk wanda ya ce yana da mai ɗaya da ya dace da kowace tsohuwar mota ƙarya yake yi.

Mai Fijo ya duba murfin tankin man birki ko littafin motar, ya sayi DOT 3 ko DOT 4 a rufaffen gwangwani wanda hatiminsa bai tsage ba, kada ya karɓi wanda aka ɗura a gorar ruwa. Gwajin kofin yana da amfani ne ta ɗaya fuskar: gilaikol na gaskiya yana narkewa cikin ruwa, saboda haka idan an sayar maka da DOT 4 ya taso sama, ba shi ba ne. Wanda ya riga ya zuba man mutumin nan ya ajiye motar, kada ya tuƙa ta zuwa gareji, a kira bakanike ya zo inda take. Lambar wayar da ya ba ni ta daina shiga, amma kwalaben nasa ba su da lambar rukuni ko adireshin kamfani, kuma murfinsu na murɗawa ne kawai, babu takardar hatimi a ƙarƙashinsa.