Hoton masunta da sassafe: daga gaɓa ko cikin kwale-kwale?

Wani ɗan'uwa daga Samaru ya yi tambaya: yana son ɗaukar masunta da hasken safiya a dam ɗin Kubanni ko na Galma, ya tsaya a gaɓa ne ko ya shiga kwale-kwale? Malam, ga yadda abin yake.

Ko ta ina za ka ɗauka, lokaci ne gaba. A Zariya rana kan fito wajen ƙarfe 6:50 a Janairu, wajen 6:10 a Yuni. Ka isa bakin ruwa minti 40 kafin nan. Da damina hasken mai kyau bai fi minti 30 bayan fitowarta ba. Da hunturu kuwa hazo yana tare ta, ta fito fari fat kamar faifai, haske ya daɗe da laushi, sai dai launi ya dusashe.

Gaɓa tana ba ka ƙasa mai ƙarfi. Ka kafa kyamara a kan sitan mai ƙafa uku, ka bar ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke karɓar haske, a 100 ko 200, hoto ya fito tas ko da gari bai gama wayewa ba. Amma masunta suna nesa, sai da gilashin kyamara (lens) mai jawo nesa, kamar 70 zuwa 200mm. Idan waya ce, kada ka matsa zum ya wuce ninki biyu, hoton dagargajewa yake yi. Babbar ribar gaɓa ita ce kai ke zaɓar inda rana za ta tsaya. Ka tsaya ta yamma ka fuskanci gabas, masunci da jirginsa su fito baƙaƙe a kan ruwa mai launin zinariya. A nan ka rage haske da mataki ɗaya, don kyamara tana ganin duhun jirgin sai ta ƙara haske, sama ta ƙone. Idan fuska kake so, ka koma ta gabas, rana a bayanka.

Jefa birgi, wato ragar da ake wurgawa, shi ne hoton da kowa ke nema, shi ne kuma aka fi ɓatawa. Ragar kan buɗe ta faɗa ruwa cikin kamar daƙiƙa ɗaya, don haka saurin shota, wato buɗewa da rufewar idon kyamara, ya kai 1/1000 na daƙiƙa, ka ɗaga ISO zuwa 800 ko 1600, ka danna ɗauka a jere tun yana murɗa kafaɗa. Wanda ya jira sai ya ga ragar a sama, ya makara.

Kwale-kwale kuwa yana ba da abin da gaɓa ba ta bayarwa: hannu yana cire karfasa daga kalli (ragar da ake zubawa a ruwa), tarwaɗa tana mutsu-mutsu a ƙasan jirgi, raɓa a kan igiya. Gilashin 24 ko 35mm ya isa, nan ne ma waya ke yin abin kirki. Matsalarsa girgiza. Sitan ba shi da amfani, kuma idan saurin shota bai kai 1/500 ba hoto ya kan yi dishi-dishi, ga gaɓar can tana karkacewa duk sanda aka tura jirgi. Ka zauna a tsakiya, kada ka miƙe, ka rataya kyamara a wuya, ka sa rigar ceto ko da ka iya iyo. Leda da tsumma mai laushi su kasance a aljihu saboda feshin ruwa. Kada ka sauya gilashi a kan ruwa, balle da ƙurar hunturu.

Ka tuna kuma aiki suka fito, nauyinka da motsinka suna rage musu kamu. Ka je tun ana gobe za ka ɗauka, ka gaida Sarkin Ruwa ko babbansu, ku daidaita abin da za ka bayar. Kubanni kuma a cikin Jami'ar Ahmadu Bello yake, ka sanar da masu tsaro.

Shawararmu: safiya biyu ta farko ka yi su a gaɓa, ka gane inda suke zuba kalli da inda rana ke ɓullowa. Ta uku ka shiga jirgi, bayan rana ta ɗan ɗaga.