Starlink ko datar layin waya?

Tun da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 kan kuɗin kira da data a Janairun 2025, kusan kullum sai wani ya tare ni a Ƙofar Ƙaura, cikin birnin Katsina: "Malam, in sayi Starlink ko in ci gaba da lallaɓa layina?"

Wajen kuɗi, layi ya fi sauƙi, da canjin aljihu ka sayi datar yini. Starlink kuwa, wato intanet ta tauraron ɗan Adam da ta shigo Najeriya a 2023, sai ka sayi farantin kama sabis da kuɗi mai tsoka, ga biyan wata-wata, ga wuta. In an ɗauke wuta kuma babu sola ko janareta, ba ta aiki.

Amma duk wanda ke Jibiya ko Batsari a 2021, sa'adda aka rufe layukan sadarwa saboda 'yan bindiga, ya san zafin rashin sabis: mai POS ya naɗe hannu, uwa ba ta jin muryar ɗanta. Shi kuwa farantin Starlink, da tauraron ɗan Adam yake magana kai tsaye, ba ruwansa da turken sabis, sai dai ruwan sama mai ƙarfi kan rage masa gudu.

Ɗalibi da ɗan kasuwa mai yawo su riƙe layinsu. Makaranta, asibitin karkara da mai shagon intanet, Starlink ta fi dacewa da su.