Sandunan Cuisenaire a ajin firamare: abin da na gani cikin zango biyu

Na daɗe ina damuwa da yadda ɗalibaina na aji uku suke rera jadawalin sau babu gargada, amma da zarar na tambayi yaro dalilin da ya sa uku sau huɗu ya zo daidai da huɗu sau uku, sai ya sunkuyar da kai. Wannan damuwa ce ta sa na sayi akwatin sandunan Cuisenaire, waɗanda wani malamin firamare ɗan ƙasar Beljiyam, Georges Cuisenaire, ya ƙirƙiro, sannan wani masanin koyar da lissafi, Caleb Gattegno, ya yaɗa su a duniya bayan haɗuwarsu a shekarar 1953.

Akwatin da na samu na katako ne mai ɗauke da sanduna 74, tsawonsu daga santimita 1 zuwa 10, kuma kowane tsawo da launinsa: fari ɗaya, ja biyu, rawaya biyar, baƙi bakwai, har zuwa mai ruwan lemo wanda shi ne goma. Babu lamba a jikin ko ɗaya, kuma a ganina nan ne hikimar take, domin dole yaro ya gwada, ya jera, ya kwatanta kafin ya ba da amsa.

Ranar da muka koma kan waccan tambaya, na sa yara suka jera sanduna uku masu tsawon huɗu, suka jera huɗu masu tsawon uku a ƙasansu. Wata yarinya da ba ta cika magana ba ta sa ɗan yatsa ta shafa bakin layukan biyu, ta ɗago ta ce, "Malam, ai wuri ɗaya suka tsaya." A darasin ɗebewa kuwa, da muka shimfiɗa goma da uku muka ɗora baƙin sanda a kai, yara suka ga gurbin da ya rage da idonsu, suka nemo sandan shida suka cike shi, ba tare da na ambaci aro ba. Inda sandunan suka fi burge ni shi ne batun rabi da sulusi, domin rawaya rabin goma ce, amma idan aka ɗauki sandan shida a matsayin abu guda, sai na uku ya zama rabi, ja kuma sulusi. Daga nan yaro yake fahimtar cewa rabi ba shi da tsayayyen girma, ya danganta da abin da aka raba.

Sai dai akwatin ɗaya bai wuce yara uku ko huɗu ba, abin da ke da wuya a cunkushen aji, kuma ƙananan fararen suna saurin ɓacewa, ga haɗarin ƙaramin yaro ya kai su baki. Na kuma lura cewa idan malami ya yi sakaci, yara sukan haddace launuka kamar yadda suka haddace jadawali, don haka nakan sa su zana abin da suka jera a littafinsu, sannan su rubuta shi da lambobi kafin a tashi. Game da ƙarancin kuwa, na kai wa kafinta samfur ya yanko mini wasu, muka shafa musu fenti, amma sai da na tsaya a kansa da ma'auni, domin kuskuren rabin santimita ya isa ya hana biyar biyu su yi daidai da goma.